Kwatanta Hanyoyin Auna Matsin Ido a Jinyar Gilakoma: Wane Ma'auni ne ya Dace da Asibitocinmu?

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi hanyoyin da ake bi wajen auna matsin ruwan cikin ido, tun daga na'urar Schiotz ta 1905 har zuwa na'urorin hannu na yau, ta gwada su da ma'aunin Goldmann wanda a kansa aka gina ilimin jinyar gilakoma. An dubi yadda kowace ke aiki, inda take kuskure, da abin da take buƙata kafin ta amfane mu a asibitocin ƙasar Hausa. Matsayar maƙalar ita ce: duk na'urorin kirdado suke yi, kuma abin da ke kare majinyaci shi ne a san kuskuren wadda ke hannu, a bibiye shi da iri ɗaya, a rubuta sunanta da lokacin awo a katinsa.

1.0 Gabatarwa



Cutar da likitoci ke kira gilakoma, a bakin jama'a sunanta hawan jinin ido. Sunan ya karɓu domin yana da sauƙin faɗa, amma yana ɓatar da majinyaci. Sau nawa muka ji dattijo ya ce ai an auna jininsa a kemis an ce lafiya lau, don haka idonsa ma lafiya? Alhali ba jini ba ne ke hawa a idon. Wani ruwa ne garai-garai da ido ke samarwa a bayan baƙin ido, ya zagayo gaba, ya tsiyaye ta wata 'yar magudana a kusurwar da baƙin ido ya haɗu da koniya, wato fatar nan mai kama da gilashi da ke gaban ido. In magudanar ta yi nawa, ruwan ya taru, matsinsa ya ƙaru, sai jijiyar gani ta riƙa mutuwa sannu a hankali, ganin mutum yana tsukewa daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, ya tarar gilakoma ce ke biye wa yanar ido wajen makantar da mutane, da kashi 16.7 cikin 100. Nazarin da Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar daga binciken a 2015 ya nuna kashi 5 cikin 100 na masu waɗannan shekaru suna ɗauke da cutar, ɗaya cikin biyar ɗinsu ya riga ya makance, waɗanda suka san suna da ita kuma ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. A garin Tema na ƙasar Gana an samu kashi 6.8 masu nau'in da ya fi yawa, wato mai buɗaɗɗiyar kusurwa.

Shekaru da gado da asali duk suna da hannu a cutar, amma babu wanda likita zai iya sauyawa. Matsin ido kaɗai ke hannunmu, ko da maganin ɗigawa, ko da hasken leza, ko da tiyata. Gwajin da aka yi a Suwidin kan sababbin majinyata 255, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002 da 2003, ya nuna duk maki ɗaya da aka rage a matsin ido yana rage haɗarin ci gaban cutar da kusan kashi 10 cikin 100. To idan maki ɗaya yana da wannan nauyi, yaya za mu yi da na'urorin da kan saɓa wa juna da maki uku ko huɗu a ido ɗaya, a zama ɗaya? Abin da ya haifar da wannan maƙala ke nan.

2.0 Abin da Ake Aunawa

Ana ƙirga matsin ido da milimita na zaiba, a taƙaice mmHg, wanda zan riƙa kira maki. Hanya ɗaya ce ke ba da haƙiƙaninsa: a soka allura cikin ido a haɗa ta da ma'auni, abin da ba a yi sai a ɗakin tiyata ko na bincike. Sauran hanyoyin duk daga waje suke latsawa, kamar mai faci da ke danna tayar keke da babban yatsa don ya san iskar ciki. Sabuwar taya mai kauri za ta ji tauri ko da iskarta kaɗan ce, tsohuwa da ta suɗe kuma ta ji laushi ko da ta cika tam. Koniya ita ce tayar.

Lambar nan 21 da muka haddace a matsayin iyaka ma tana da tarihi. Daga binciken Leydhecker ta fito, a Jamus, a 1958, inda aka auna mutum kusan 10,000 da na'urar Schiotz aka samu matsakaicin maki 15.5, sannan aka ɗora tazarar ƙididdiga a kai. Iyaka ce ta lissafi, a kan Turawa. Binciken ido na birnin Baltimo a Amurka, a 1991, ya tarar kusan rabin waɗanda aka tabbatar suna da gilakoma matsinsu bai wuce 21 ba a awon farko. Shi ne kuma ya nuna cutar ta ninka har sau huɗu zuwa biyar a baƙar fata.

3.0 Goldmann, Mudun da Ake Gwada Sauran

Hans Goldmann, likitan ido a birnin Ban na Suwizalan, ya fito da na'urarsa a shekarun 1950, kuma a 1957 shi da Theo Schmidt suka wallafa cikakken bayaninta. Ana ɗora ta a kan fitilar duban ido. A ɗiga maganin kashe raɗaɗi, a sa rinin fuloresin, a kunna shuɗin haske, sai a matso da ɗan kan roba ya taɓa tsakiyar koniya. Mai awo zai ga rabin zobe biyu masu launin kore, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya riƙa murɗa maɓallin lambobi har gefen ciki na ɗaya ya taɓa gefen ciki na ɗayan. A nan an baje koniya daidai faɗin milimita 3.06. Ba da ka aka zaɓi wannan faɗi ba: a daidai nan ne jan da hawaye ke yi wa kan robar da turjiyar koniya suke kashe juna, kuma nauyin giram ɗaya yake zama maki 10.

Darajarta a yau ba wai don ta fi kowace daidai ba ce. Manyan gwaje-gwajen da muke kafa hujja da su, har da na Suwidin ɗin nan, da ita aka yi su. Duk lambar da littafi ya ce a nufa wajen jinya, lambar Goldmann ce.

Rauninta na farko yana cikin lissafinta. An gina ta bisa zaton kaurin koniya bai cika saɓawa tsakanin mutane ba, wajen maikiron 500 da ɗoriya. A 1975 Niels Ehlers a Denmak ya gwada ta da allura a idanun da za a yi wa tiyata, ya ga tana faɗar gaskiya ne a kaurin maikiron 520, kuma duk tazarar maikiron 70 na iya jawo kuskuren kusan maki 5. Siririyar koniya tana sa a karanta ƙasa da gaskiya, mai kauri ta sa a karanta sama. Babban binciken Amurka kan masu hauhawar matsin ido, mai mutum 1,636, ya ƙara fito da abin fili a 2001 da 2002. Matsakaicin kaurin koniyar baƙaƙen fata a cikinsa ya kama wajen maikiron 555, na fararen fata wajen 579. Waɗanda kaurinsu bai wuce 555 ba kuma haɗarin kamuwarsu ya ninka sau uku a kan masu sama da 588. A dubi wannan da kyau: mutanen da cutar ta fi kamawa, ta fi yi wa saurin illa, su ne na'urar ta fi yi wa rangwame. Manominmu da aka karanta wa 19 aka sallama, mai yiwuwa ne idonsa yana ɗauke da fiye da haka.

Akwai jadawalai da ke yawo na ƙara ko rage maki gwargwadon kauri. Ni ban yarda a dogara da su ba, domin ba su dace da juna ba, kuma kauri ba shi kaɗai ke sa koniya tauri ba. Ya isa a san ta siririya ce, matsakaiciya ce ko mai kauri, a tsananta sa ido kan mai siririya.

Rauni na biyu a hannunmu yake. Rini ya yi yawa, zoben ya yi kauri, a karanta sama. Ya yi kaɗan, a karanta ƙasa. Yatsan mai awo ya danne ƙwayar ido wajen ɗaga fatar ido, lamba ta haura. Majinyaci ya riƙe numfashi don tsoro, ko ya runtse, ko maɓallin wuyan kaftani ya shaƙe shi, ko mai ƙiba ya yi ta yunƙurin kai haɓarsa kan fitila, duk lamba ta haura. Koniya mai kumburi kuwa ƙasa take nunawa, a daidai lokacin da matsin ya fi haɗari. Sai batun saiti. Kamfanin Haag-Streit yana haɗo na'urar da ɗan sandan ƙarfe na gwada saitinta a maki 0 da 20 da 60, aikin da bai fi minti biyu ba, ana kuma son a yi shi kowane wata. Na taɓa aiki a wani asibiti inda muka nemi sandan nan sama da ƙasa, daga ƙarshe aka tsinto shi a akwatinsa ba a ko kwance ledarsa ba, alhali na'urar ta shekara da shekaru tana yanke wa mutane hukunci. Har yau abin yana damuna.

Tsafta ma ba abin wasa ba ce. Kan robar yana taɓa ido bayan ido, kuma lokacin ciwon idon nan na Afolo, wanda aka fara gani a Gana a 1969, ko wani jan ido mai yaɗuwa, asibiti da kansa na iya zama mai rarraba cuta. A jiƙa shi cikin ruwan bilic da aka tsarma kashi ɗaya cikin goma na minti biyar zuwa goma, a ɗauraye sosai, a bari ya bushe, a kuma duba ko ya tsage.

Na'urar Perkins, wadda ta fito a Ingila a 1965, Goldmann ce da aka mayar ta hannu, mai batir. Tana auna na kwance da na zaune, lambarta kuma 'yar gida ɗaya ce da ta uwar. Sai dai tana son hannun da ya goge.

4.0 Schiotz, Tsohuwar da Ba ta Mutu ba

Hjalmar Schiotz ɗan ƙasar Nowe ya ƙera tasa a 1905. Majinyaci zai kwanta rigingine, a ɗiga maganin kashe raɗaɗi, a ɗora na'urar a kan koniya, wani siririn sanda mai nauyin giram 5.5 ya lotsa ta, allura ta nuna zurfin lotsawar. Ido mai tauri ba ya lotsuwa da yawa, saboda haka ƙaramar lamba ce ke nuna babban matsi, kuma sai an koma jadawalin Friedenwald na 1955 an fassara. In allura ta tsaya ƙasa ƙwarai, a ƙara nauyi zuwa 7.5, 10 ko 15.

Kuskurenta sananne ne. Ta dogara ga taurin bangon ido baki ɗaya, don haka a idon mai tsananin rashin ganin nesa, wanda bangonsa ke da laushi, ƙasa take karantawa. Ƙurar hunturu ko busasshen hawaye suka maƙale a sandan, awo ya lalace. Hannu ya yi rawa, a kuje koniya. Ba zan ɗora hukuncin tiyata a kanta ba. Amma ba ta cin wuta, ba ta cin batir, ba ta neman wani abu daga ƙasar waje, tana shiga aljihu. A ɗakin shan magani na ƙauye, in ma'aikacin lafiya ya iya ta, za ta raba masa idon da ke 40 da wanda ke 15, wannan kuwa ya isa a ceci wani. Da babu gara ba daɗi. Kada a jefar da ita sai an kawo madadinta an ajiye a tebur.

5.0 Na'urorin Baya-bayan Nan

Mai hura iska, wadda Bernard Grolman ya fito da ita a Amurka a 1972, tana baje koniya da feshin iska, haske ya gano lokacin da ta baje. Ba ta taɓa ido, ba ta son maganin ɗigawa, ma'aikacin da aka koya wa a yini ɗaya zai iya sarrafa ta. Shi ya sa ta cika shagunan tabarau da manyan asibitoci masu dogon layi. Da yake a ƙiftawar ido take awo, takan kama matsin a tudu ko a kwarin bugun zuciya, dole a yi sau uku a ɗauki matsakaici. Kaurin koniya ya fi yaudararta fiye da Goldmann, kuma in matsi ya yi sama takan yi ƙari. A koniya mai tabo ba ta moruwa. A wajenmu tana da ƙarin ciwo biyu: wutar da ke zuwa tana tafiya, da rashin mai gyara a kusa.

Tabon koniya kuwa ba baƙo ba ne a Arewa, daga amosanin ido, da ƙyanda, da rauni a gona, da magungunan da ake zubawa a ido a gida. A irin wannan ido Tono-Pen ke nuna amfaninta. Kamar alƙalami take, an gina ta kan dabarar Mackay da Marg ta 1959, kuma wurin da take taɓawa ƙanƙane ne, ana iya laluben inda koniya ke da lafiya. Halinta shi ne ƙari a ƙananan matsi da ragi a manya. Kowane majinyaci kuma sai an sa masa sabuwar hular roba.

Wadda ta fi sauya aikinmu ita ce iCare, ƙirar Antti Kontiola ɗan Finlan, da ta shiga kasuwa a 2003. Wani ɗan tsinke mara nauyi take harbawa ya taɓa koniya ya dawo, ta auna saurin tsayawarsa. Ido mai tauri ya fi saurin mayar da shi. Sau shida take bugawa ta fitar da lamba. Ba a ɗiga komai, kuma sau da yawa yaro ba ya ko ƙiftawa. Duk wanda ya taɓa kai jariri ɗakin tiyata a sa shi barci don kawai a auna matsin idonsa ya san girman wannan sauƙi. Haka ga yaran nan masu ƙaiƙayin ido da iyaye ke saya wa maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid a kemis wata da watanni, matsi yana hawa ba wanda ya sani. Ita ma kaurin koniya yana ruɗinta, takan kuma ɗan ɗara Goldmann, sannan sai an saita tsakiyar koniya. Babbar matsalarta tsinken: sau ɗaya ake amfani da shi, da kuɗin waje ake sayo shi. Asibitin da ya karɓi kyautar na'urar bai tanadi kuɗin tsinke ba, ko dai ya rufe ta a durowa, ko ya shiga maimaita tsinke daga ido zuwa ido.

Na'urar Pascal, wadda kaurin koniya bai cika shafarta ba kuma takan ɗara Goldmann da kimanin maki 2, da na'urar kamfanin Reichert ta 2005 mai auna yadda koniya ke shanye bugu, suna da amfani a bincike. Cibiya irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa ne muhallinsu. Latsawa da yatsu biyu kuwa ba ta wuce gane idon da ya zama dutse.

6.0 Ina Suka Dace, Ina Suka Saɓa?

A 2012 Cook da abokan aikinsa suka tattara bincike 102 da suka gwada na'urori takwas da Goldmann. Wadda ta fi kusa ita ce mai hura iska, amma ita ɗin ma kashi 66 cikin 100 ne kawai na awonta ya faɗo cikin tazarar maki 2. Irin su Perkins suka samu 59, ta ƙarshe 33. Tazarar mai hura iska na iya kaiwa kusan maki 4 sama ko ƙasa. Wato ko da wadda ta fi, awo ɗaya cikin uku ya kauce fiye da maki 2. Sun kuma tarar ma'aikata biyu da na'ura ɗaya sukan saɓa, har mutum ɗaya yakan saɓa wa kansa.

Mu sauko da wannan ƙasa. A ɗauka wani magidanci ya je asibitin birni, aka auna shi da Goldmann da ƙarfe takwas na safe aka samu 24, aka ɗora shi a kan magani. Bayan wata biyu, saboda kuɗin mota, ya je asibitin kusa da gida, aka auna shi da mai hura iska bayan la'asar aka samu 21. A katinsa lambobi biyu ne kawai. Maganin ya yi aiki? Wanda ya ce e da wanda ya ce a'a duk kirdado suke yi. Ɗan kasuwar da ya sayo gero da tiyar wani gari ya sayar da mudun wani gari ba zai taɓa sanin ribarsa ba. Kuskuren kuma ta ko'ina ciwo ne: ko a ƙara wa talaka kwalba ta biyu da ba ya buƙata, ko a bar shi a kan maganin da ba ya yi, jijiya tana tafiya.

Lokacin awo ma yana da nasa rabo. A lafiyayyen ido matsi kan motsa da maki 2 zuwa 6 a yini, a mai gilakoma yakan kai 10 ko fiye, kuma a mutane da yawa da safe ya fi hawa. Kwanciya tana ɗaga shi. Shan ruwa mai yawa a tashi ɗaya yana ɗaga shi na ɗan lokaci, abin tunawa a watan azumi ga wanda aka auna jim kaɗan bayan sahur ko buɗa baki. A watan ne kuma wasu ke ajiye maganin ɗigawa da rana ba tare da sun faɗa ba. Tambayar "Baba, yaushe ka ɗiga na ƙarshe?" tana da nauyin awon kansa.

7.0 Matsaya da Kira

Ga inda na tsaya. A asibitocin ƙananan hukumomi da wuraren gangamin duba ido, iCare ce ta fi dacewa, da sharaɗin a saka kuɗin tsinke cikin kasafin kowace shekara tun ranar saye. Inda hakan bai samu ba, a gyara Schiotz a koyar da ita. Mai hura iska ta tsaya a matsayin matata a bakin ƙofa. Duk lambar da za a fara magani, ko a sauya shi, ko a yanke tiyata a kanta, a tabbatar da ita da Goldmann ko Perkins mai saiti. Kuma babu lambar da za ta sa a sallami ɗan shekara 40 ba a leƙa jijiyar ganinsa ba, balle in akwai makanta a danginsu.

Kirana ga wannan taro ƙarami ne, bai kai kuɗin na'ura ko ɗaya ba. A ƙara gurbi uku a katin majinyacin ido na kowane asibiti: sunan na'urar da aka yi awo da ita, ƙarfe nawa aka yi, da kaurin koniya, wanda sau ɗaya ya isa a auna in ba an yi wa ido aiki ba. Shugabannin sassa kuma, idan Allah ya mayar da ku gida lafiya, a nemo sandan saitin nan, a ba mutum ɗaya amanarsa da littafin sa hannu, ranar ɗaya ga kowane wata.